Jajen Bilenda

"Ba dabinon nake so ba, Yaya, ƙwallon. Ki ware mani ƙwallayen gefe guda."

Hassana ta ɗago kai daga faifan dabinon da take ɓarewa, ta dubi ƙanenta Kalilu tun daga hula har takalmi. "Mi za ka yi da ƙwallon dabino? Shuka za ka yi a kan siminti?"

"Giwa za ta ci."

"Injin ne zai ci ƙwallo?"

"Kar ki ce mata inji, Yaya, sai ta ji haushi. Inji shi ne wanda ke tari a bakin kasuwa. Wagga bilenda ce. Tun daga Maraɗi a kan cinyata na ɗauko ta, ban yarda an sa ta a bayan mota ba. 'Yan duwan, kwastan na can, da suka buɗe kwalin sai da suka kira babbansu ya zo ya gani."

Giwa tana zaune a kan teburi a tsakiyar tsakar gida, baƙa wuluk, mai faɗin gindi, da kofi mai haske wanda zai shanye rabin bokiti. An shimfiɗa mata sabon ƙyalle a ƙarƙashi, irin wanda ake ɓoyewa don baƙi. Matar Kalilu, Amatullahi, ta riƙe waya da bakin yatsu saboda lallen da ke hannunta bai gama bushewa ba.

"Baban Fati, gyara hular, na fara ɗauka."

Kalilu ya gyara hula, ya gyara murya, nan take ya zama wani mutum daban. "Jama'ar Jibiya, da Magama, da Ɗan Isa har Maraɗi, ku zama shaida. Ga ƙwallon dabino, wanda haƙorin ɗan Adam ke gani ya ba shi hanya. Bari mu ga abin da Giwa za ta ce."

Ya zuba, ya rufe, ya danna. Ƙarar da ta tashi ta kora kajin maƙwabta har kan katanga, ta sa tattabaru suka bar rufin gidan gaba ɗaya. Da ya buɗe murfin sai wata ƙura mai zafi ta fito, ya ɗebi garin da yatsa ya nuna wa waya. "Hodar jarirai. Mai son irinta ya same ni a shago, hanyar Magama."

Hassana ta leƙa cikin kofin ta ga garin da ba mai ci, ba mai sha. "To yanzu mi za a yi da shi?"

"A zubar. Ki wanke ta, Yaya, a hankali. Ban da soson ƙarfe, fatarta ba ta son wahala."

Tun da Hassana ta fita takabar mijinta Kalilu ya je Riko ya ɗauko ta, ita da jakar kayanta da kwandon zare da alluran ɗinkin hula. A bakin ƙofa ya ce mata, "Yaya, nan gidanki ne, ba baƙuwa kike ba." Ta yi kuka don daɗin maganar. Sai daga baya ta gane cewa baƙo ake kai wa ruwa, mai gida shi ke jawowa daga rijiya.

Bidiyon ƙwallon dabino ya zagaya wayoyin gari. Bilenda ko ɗaya ba a saya a shagon ba, amma wani direban babbar mota ya rubuta a ƙarƙashi cewa abin da ya niƙa ƙwallo ai zai yi kunun aya mai santsi. Kalilu ya kwana da maganar, ya tashi da sana'a. Manyan motoci na jere a Magama suna jiran a duba takardunsu, rana na dukan direbobi da yaran mota, ga aya tana shigowa daga ƙetare buhu-buhu. Me ya rage?

Ya raba aiki da adalci, kamar yadda ya faɗa. Shi ne mai danna Giwa, domin ba kowane hannu ta sani ba. Amatullahi ce mai amsa waya da ɗaukar hoto. Sauran ƙananan abubuwan, wato tsince tsakuwa daga aya, da wankewa, da jiƙawa, da fasa kwakwa, da ɓare dabino, da wanke robobi, da tata, da ɗurawa, da share wurin, an bar wa Yaya don kada zaman banza ya sa ta tunani.

Tatar ita ce uwar aikin. Giwa tana niƙe cikin kofi kafin mutum ya gama hamma, amma babu injin da zai matse ƙyallen tata. Sai an zuba ƙullun a ƙyalle, a tattara bakinsa, a murɗa, a matsa da tafin hannu har farin ruwan ya daina zuba, a ƙara ruwa a sake murɗawa, sannan a juye dusa a ɗauki wani. Kafin Hassana ta gama da kofi ɗaya, wasu sun taru a baho suna jiranta.

"Yaya, Giwa fa ta wuce ki," Kalilu kan ce yana dariya. "Ke da aka san ki da zafin nama a Riko."

Sai dai Giwa tana da wata ɗabi'a wadda Kalilu ya tsana, Hassana kuma ta ƙaunace ta a ɓoye kamar yadda manomi ke ƙaunar ƙamshin ruwan farko. Idan aka matsa mata ta ɗauki zafi, sai ta yi shiru da kanta. A danna, a bubbuga, a roƙa, ba za ta motsa ba sai ta huce. A nan Kalilu zai rikice, ya jiƙa tawul ya dafa mata a gindi, ya taɓa ta da bayan hannu kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗa. Har fankar ɗakin Hassana ya aro ya kafa mata, aron da bai koma ba.

"A bar ta ta huta," yakan ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ita ma tana da haƙƙi."

A cikin wannan shirun Hassana ke samun kanta. Takan wanke hannu, ta zauna a inuwar katanga, ta jawo kwandonta. Allura ta shiga, zare ya bi, zanen hula ya fara fitowa kaɗan-kaɗan, shuɗi a kan fari. Wannan ɗinkin shi ne abu guda da ya rage mata wanda ba kyautar kowa ba ne. Da shi ta riƙe kanta shekara da shekaru, da shi take fatan wata rana ta sayi sabulunta ba tare da ta jira a tuna da ita ba. Idan Giwa ta yi shiru, Hassana kan dube ta da gefen ido, ta ce a zuci, Allah Ya ƙara maki gajiya, 'yar'uwa.

Masu kallon waya kuwa ba sa ƙoshi. Wanda ya ga ƙwallon dabino jiya, yau ƙashi yake so. Kalilu ya niƙa masu ƙanƙara, ya niƙa ɓawon kwakwa, ya niƙa ƙashin ƙafar saniya. Wani ya rubuta cewa in namiji ne ya sa tsakuwa, Kalilu kuwa ba ya wasa da maganar mazantaka. Ya ɗebo tsakuwar da Hassana ta tsince daga aya, ya zuba. Giwa ta yi kururuwa, ta yi tsalle a kan teburi, ta niƙa wasu ta bar wasu. Ba wanda ya lura cewa wuƙarta ta yi giɓi, bakin ya tanƙware ya koma kamar ƙugiya.

Hassana ce ta gano, da ta sa hannu cikin ruwan kumfa tana wanke kofin. Ba ta yi ƙara ba. Ta dai zaro hannun ta ga yatsanta manuni na dama ya tsage tun daga gaɓa har kusa da farce, jini na gangarowa zuwa gwiwar hannu.

Kalilu ya taso da gudu, ya wuce ta, ya ɗaga kofin ya kalla a rana. "Wuƙar ba ta karye ba, alhamdu lillahi."

Amatullahi ta leƙa baho. "Yaya, bai dai ɗiga a ƙullun ba ko? Kin san direbobin nan da tsegumi."

"Bai ɗiga ba."

"To sannu. Bari in kawo maki leda ki sa a hannun, a ɗaure da kyauro. Ni da zan karɓe ki, amma kin ga lallen nan, in ya taɓa ruwa kafin ya kama, shi ke nan."

Lallen Amatullahi wani irin lalle ne mai ban mamaki. Bai taɓa gama kamawa ba sai an fara zana wani.

Da leda a hannu Hassana ta ci gaba da tata. Gumi ya taru a ciki, ruwan citta da kanumfari ya sami hanya ya shiga, ciwon ya riƙa cin wuta a duk murɗawa. Ya fara ja, ya koma kumburi, kumburin ya bar yatsa ya hau bayan hannu. Kalilu ya kawo mata kafso daga kemis, ya ɓalle da kansa ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya tsaya yana jiran godiya.

"Yana bugawa, Kalilu," ta ce. "Kamar da ganga a ciki."

"Warkewa ce ke nan. Ciwon da ba ya bugawa shi ake tsoro. Kuma motsa shi da kike yi ya fi maki, jini ke zagayawa."

Maƙwabciyarsu Marta, 'yar Gangara mai kiwon awaki, takan shigo da yamma ta kwashi dusar aya. Ita ce ta fara tsayawa ta kalli hannun da kyau. Ta ajiye kwaryarta, ta kama wuyan hannun Hassana ta juya shi.

"Hassana, hannu ne wanga ko rogo aka tono?"

Hassana ta yi dariyar yaƙe. "Ƙaiƙayi ne kawai."

"Ƙaiƙayi ba ya wari." Marta ta juya wajen Kalilu, wanda ke goge Giwa da auduga. "Baban Fati, ka kai yayarka asibiti."

"Mama Marta, ku komai asibiti. Kin san mi suke yi a can? Yanka. Ka kai masu yatsa su tahi da hannu. Ni kare ta nake yi. Kuma Yaya ƙarfe ce, ba irin matan yanzu ba. Ita ta goye ni, tana daka da ni a bayanta. Ko ba haka ba, Yaya?"

"Haka ne," in ji Hassana, domin gaskiya ne.

"Kin ji. Bari mu fita daga hidimar makon nan, ni da kaina zan ɗauke ta a mashin."

Makon ya wuce, wani ya shigo da tasa hidimar. Wanda aka ɗauka a mashin Giwa ce. Kalilu ya gaji da shirunta, ya naɗe ta a bargo ya kai wa Maharazu mai gyaran kayan wuta. Ya dawo yana washe baki.

"Ashe wani ɗan ƙarfe ne a cikinta, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Shi ke kashe ta in ta yi zafi. Masu ƙera ta suka sa don ƙasashen da mutane ba su san aiki ba. Maharazu ya cire shi, ya haɗa wayar kai tsaye. Yanzu za ku ga Giwa ta gaskiya."

Hassana ta dubi kwandon zarenta a jikin katanga.

Daga ranar Giwa ba ta ƙara yin shiru ba. Tun hantsi jannareto ke ruri, ita ma tana ruri, ƙullu na taruwa baho bayan baho. Hassana ta koma matsa da hannun hagu, tana danne ƙyallen da gwiwar hannun dama, ruwan na bin zaninta. Idan ta miƙe don salla sai Amatullahi ta ce, "Yaya, ki ɗan gaggauta, wani ya bugo daga Magama." Alwala ma ta zama gwaji, domin ruwan sanyi in ya taɓa yatsan sai ta ga taurari da rana tsaka.

Wata la'asar man jannareto ya ƙare, gidan ya yi tsit. Ta lallaɓa ta jawo kwandon. Ta ɗauki allura, allurar ta zame. Ta sake ɗauka, babban yatsa ya nemi abokinsa ya tarar da wani abu mai tauri, mai sheƙi, wanda ba ya lanƙwasa kuma ba ya jin taɓi. Ta daɗe tana kallon hular da ta tsaya a rabi. A lokacin ne tsoro ya shige ta, tsoro na gaske mai sanyi. Idan yatsan nan ya tafi, abin da zai rage mata a duniya shi ne baho da ƙyallen tata, da ƙane mai cewa gidanta ne.

"Kalilu," ta ce da ya shigo da jarkar mai, "yatsan ya daina ji."

"Ai kin ga ya daina ciwo ke nan. Na ce maki maganin nan na da kyau."

"Bakinsa ya yi baƙi."

"Yaya, gobe kasuwa, nan da kwana huɗu walimar gidan Alhaji Badaruddeen, sun ce kula uku suke so. In na saki wagga dama wani zai ɗauka. Ki daure mani. Wa nake da shi in ba ke ba?"

Ya faɗi maganar da taushi, har idonsa ya yi rau-rau, kuma abin takaicin shi ne da gaske yake. Kalilu yana son yayarsa. Yana son ta kamar yadda ake son katangar gida: ana jingina da ita, ana rataya mata kaya, ba a taɓa tambayarta ko ta gaji.

Ranar kasuwa ya ce zai nuna wa duniya abin da ba a taɓa gani ba, kai tsaye, kowa na kallo. Amatullahi ta kafa waya a kan kujera. Ya zuba busasshiyar aya wadda ba a jiƙa ba, ya ƙara ƙanƙara, ya ƙara kwakwa da ɓawonta, ya murɗa maɓallin har ƙarshe.

"Jama'a, Giwa ba ta san hutu ba. Wanda ke da bilendar da za ta kara da ita ya kawo, in ba shi shagon."

Kofi ya bi kofi. Ƙarar ta fara canzawa, ta koma kamar kukan akuyar da igiya ta shaƙe. Hassana, da ke durƙushe a gaban baho jikinta na rawar zazzaɓi, ta ji wani wari kamar an jefa takalmin roba a murhu. Wani siririn hayaƙi ya fito daga gindin Giwa, ya yi kauri, wani abu ya yi tas a ciki, sai shiru.

Kalilu ya danna. Ya sake dannawa. Ya kawo tawul, ya kawo fanka, ya hura mata iska da bakinsa. Mutanen da ke kallo a waya suna ta turo fuskokin dariya har Amatullahi ta tuna ta kashe.

Ya ɗauki Giwa da hannu biyu ya kai ta falo, ya kwantar a kan kujera mai laushi, ya lulluɓe ta da ƙyallenta. Ya ƙi cin abincin rana. Amatullahi ta sa hoton bilendar a wayarta, ta rubuta a ƙasa cewa sun gamu da babbar jarrabawa, suna neman addu'a.

Mutanen Jibiya ba sa barin maƙwabci shi kaɗai da asararsa. Wanda gobara ta taɓa, ko ɓarawo ya shiga masa, ko kayansa suka salwanta a hanya, ana zuwa a yi masa jaje, a zauna, a jinjina kai, a ce Allah Ya mayar da alheri. Al'ada ce mai kyau, kuma washegari da hantsi ta fara aiki.

Hassana na kwance a ɗakinta, hannun a kan matashi yana zafi kamar garwashi, wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu. Amatullahi ta ɗaga labule.

"Yaya, ki fito, mata sun fara zuwa. Sun ji abin da ya faru."

Hassana ta ɗago kai. Ashe an ji. Ashe akwai masu ido a unguwar nan. Ta tashi da ƙyar, ta ciro mayafinta mai kyau daga ƙasan jaka, ta yafa da hannu ɗaya, ta shafa kwalli don kada a ga yadda idonta ya faɗa. Ta fito ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta, ta zauna, ta ɗora hannun a cinya, ta shirya amsar da za ta bayar: da sauƙi, alhamdu lillahi, na gode da kuka tako.

Mata suka yi sallama suka shigo, mayafai na ƙamshin turare.

"Sannunku da wanga abu. Ashe haka ta faru?"

Hassana ta buɗe baki.

"Ina take?" in ji ta gaba.

"Tana falo," Amatullahi ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Ku shigo ku gani. Ko motsi ba ta yi."

Suka wuce ta gaban tabarmar ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshensu ta ɗan rage tafiya ta ce, "Yaya Hassana, ya haƙuri? Ke ma ai kin saba da ita." Daga falo aka fara jin salati da tsaki na tausayi. Wata ta ce baki ne, wata ta ce ido ne, tun da aka fara sa ta a waya ta san za a yi haka. Wata ta ba da labarin firjinta da wuta ta ƙona bara, har muryarta na rawa.

Amatullahi ta leƙo. "Yaya, ɗan kawo masu ruwa mai sanyi."

Hassana ba ta tashi ba. Ba taurin kai ba ne, zazzaɓi ne ya hana ta.

Kalilu ya shigo daga zaure, inda maza suka gama yi masa nasu jajen, fuskarsa ta mutumin da ya karɓi ƙaddara da ƙarfin hali. Matan suka fito tsakar gida suna ba shi baki.

"Na gode, na gode. Gobe zan tahi da ita Maraɗi, akwai wanda ya san kanta. Amma alkawarin walima ba zai tashi ba. Kafin bilenda ta zo duniya da mi iyayenmu ke kunun aya? Da turmi. Kuma duk Riko ba wadda ta kai Yaya iya daka. A jiƙa ayar yanzu, a fito da turmi."

Matan suka yaba. Suka ce namiji ke nan, suka ce Allah Ya bar zumunci.

A daidai nan Marta ta shigo, ba kwarya a hannunta. Ba ta nufi falo ba. Ta durƙusa a gaban tabarma, ta kama hannun Hassana, ta fara warware tsumman da ke kai. Tsumman ya manne, ta jiƙa shi da ruwan buta ta ɗaye a hankali. Da ya fita, matar da ta fi kusa ta ja baya ta toshe hanci da mayafi. Yatsan ya yi baƙi daga farce zuwa gaɓa, bayan hannun ya cika tam yana sheƙi.



"Kun gama da ta falo?" in ji Marta, ba ta ɗago kai ba. "Ga wata nan, ita tana numfashi."

"Mama Marta, ba a haka," Kalilu ya ce, yana kallon matan maimakon hannun. "Kar ki sa a ɗauka ba na kula da ita. Magani nake saya mata. Ita ce ba ta faɗa mani ya kai haka ba. Yaya, don mi kika ɓoye? Kin san halinta, zurfin ciki."

"Ni ma kullum sai na ce ta huta," in ji Amatullahi. "Ba ta jin magana."

"Jibi," Kalilu ya ƙara. "Wallahi jibi, ana gama walima, daga Maraɗi ba zan ko sauka daga mashin ba."

Hassana ta dube shi. Ta ga yaron da ta goya, ga gemu ya fito masa, ga hula ta zauna daidai, kuma ko yanzu idonsa na satar kallon buhun aya. Ta jira ta ji haushi, haushin bai zo ba. Abin da ya zo wata natsuwa ce, kamar ta wanda ya daɗe yana ɗauke da tulu a ka, ya tuna cewa ana iya saukewa.

Ta dafa kafaɗar Marta ta miƙe. Jiri ya ɗebe ta, ta tsaya har ya sake ta. Ta gyara mayafin da ta sa don masu dubiya.

"Kalilu."

"Na'am, Yaya."

"Taka ta ƙone, za ka kai ta gyara. In ba ta gyaru ba ka sayi wata, shaguna cike suke da irinta. Nawa yatsan guda ne, kuma ba a sayar da shi ko'ina." Muryarta ba ta tashi ba, amma har mazan da ke zaure suka daina magana. "Ku da kuka zo jaje, na gode, ku zama shaida. Yanzu zan tahi asibiti, Marta za ta raka ni. In sun bar mani yatsan, allura zai riƙe. In sun cire shi, sauran ma ba za su ƙara taɓa aya a gidan nan ba. Marta, ɗauko mani jakata da kwandon zare, daga asibiti ba nan zan dawo ba."